Malamin da Aka Zaɓa, Sa'an nan Aka Rufe Ƙofar Aiki

A ƙasar Indiya, inda saurayi ko budurwa kan shafe shekaru ana bitar littattafai saboda jarrabawa guda ta shiga aikin gwamnati, akwai wata jarrabta da takan auka wa masu neman aikin koyarwa, wadda ta fi faɗuwa jarrabawar kanta ciwo. Gwamnatin jiha takan yi shela cewa tana bukatar malaman kwantiragi, mutane su biya kuɗin fom, su rubuta jarrabawa, a tantance takardunsu, a kafe sunayen waɗanda suka ci. Sa'an nan, tun takardar kama aiki ba ta iso hannunsu ba, sai umarni ya fito daga sama cewa an dakatar da ɗaukar ma'aikata har illa ma sha Allahu, ko don baitulmali ya yi rauni, ko don sabuwar gwamnati ta hau tana tuhumar abin da ta baya ta ƙulla, ko kuwa don zaɓe ya ƙarato, ƙa'idojin Hukumar Zaɓe sun ɗaure hannun masu mulki. To, wannan bawan Allah da ya ga sunansa da idonsa, wataƙila ma ya riga ya ajiye ɗan aikin da yake yi a makarantar kuɗi, shin yana da wani haƙƙi da alƙali zai ƙwato masa?

Asalin amsar tana cikin hukuncin da alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Indiya suka yanke a 1991, a ƙarar da Shankarsan Dash ya shigar da Gwamnatin Tarayya. Shi ba malami ba ne. Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati ta 1977, aka ba shi gurbi a wani rukuni na 'yan sanda da bai kai babban rukunin tarayya daraja ba, da gurbi ya samu a babban rukunin daga baya sai ya ce nasa ne, tunda sunansa na cikin jerin waɗanda aka zaɓa. Kotu ta ƙi. Ta bayyana cewa shelar neman ma'aikata gayyata ce kawai ga waɗanda suka cancanta su gabatar da kansu, kuma fitowar suna ba ta haifar da haƙƙi tabbatacce wanda ba ya warwaruwa, domin, muddin dokar wannan aiki ba ta wajabta ba, ba dole ne gwamnati ta cike dukan guraben da ta ambata ba. Tun 1973 ma an share fagen wannan magana a shari'ar Subhash Chander Marwaha ta jihar Haryana, inda aka yi shelar guraben ƙananan alƙalai 15, mutum 40 suka haye, amma gwamnati ta ɗauki 7 na farko ta tsaya, kotu kuwa ta ce ba ta yi laifi ba.

Da a nan hukuncin ya tsaya, da sai mu ce an sallama talaka ga son ran mahukunta. Amma alƙalan sun ɗora wani sharaɗi, wanda shi ne jigon al'amarin duka, ko da yake lauyoyin gwamnati sun fi son karanta rabin farko su yi shiru: cewa wannan dama ba izini ba ce ga gwamnati ta yi abin da ta ga dama, wajibi ne shawarar barin gurbi ta kasance da kyakkyawar niyya, bisa dalili karɓaɓɓe, kuma in har za a cike wasu daga cikin guraben, to, tilas a bi jerin cancanta daki-daki, ba a tsallake na gaba a ɗauko na baya ba. Madogarar wannan sharaɗi ita ce sashi na 14 da na 16 na tsarin mulkin ƙasar, waɗanda suka tabbatar da daidaito a gaban shari'a da daidaiton dama wajen samun aikin gwamnati. A 1995, a shari'ar R. S. Mittal, kotun ta ƙara fayyace cewa in mutum ya ci zaɓe, ga kuma gurbi a buɗe, ba a yi watsi da shi ba tare da hujja ba.

Saboda haka idan zaɓaɓɓun malamai suka kai kuka Babbar Kotun jiha ƙarƙashin sashi na 226 na tsarin mulki, suna neman a umarci gwamnati ta ba su takardunsu, abin da alƙali zai bincika shi ne haƙiƙanin wannan hani na ɗaukar ma'aikata. Idan ya tarar hanin na gaskiya ne, ya game ma'aikatu, akwai rubutaccen dalili a fayil, galibi yakan ɗauke shi uzuri karɓaɓɓe, domin alƙalai ba su cika shiga sha'anin kasafin kuɗi ba, suna ganin wannan hurumin masu zartarwa ne. Amma idan ya tarar an ba wasu daga cikin jerin takarda an hana wasu alhali matsayinsu ɗaya, ko ana kiran hani da baki ana shigo da 'yan lele ta bayan gida, ko an janye hanin sa'an nan aka yi sabuwar shela a kan guraben nan alhali wa'adin tsohon jeri bai ƙare ba, a nan ne mai ƙara yake da ƙarfi, domin uzurin ya zama mayafin zalunci. Hukuncin Tej Prakash Pathak na Nuwamba 2024 ya ƙara masa makami. A can Babbar Kotun Rajastan ce ta nemi tafintoci 13 a 2009, bayan an gama jarrabawa aka ƙirƙiro sharaɗin cin kashi 75 cikin ɗari, mutum 3 kacal suka tsira. Alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka tabbatar da cewa ba a sauya sharuɗɗan cancanta bayan an fara tafiya sai in doka ko shelar ta ba da dama, kuma nauyin bayyana dalilin ƙin ɗaukar zaɓaɓɓe yana wuyan gwamnati.

Ya kamata mai karatu ya rarrabe matakai, domin hukunci yana bin su. Wanda sunansa kawai ya fito, abin da yake hannunsa shi ne haƙƙin a duba shi da adalci. Wanda aka aiko wa takardar tayi ya amsa, ijabi da kabuli sun haɗu, ƙulli ya ƙullu, matsayinsa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake a al'adar shari'ar da aka gada daga Ingila kotu ta fi karkata ga biyan diyya a kan tilasta wa mai aiki ya riƙe ma'aikacin kwantiragi. Wanda kuwa ya riga ya shiga aji ya kama alli, albashin kwanakin da ya yi aiki halaliyarsa ne, kuma tun shari'ar Piara Singh ta 1992 kotuna suna ƙyamar a cire ma'aikacin wucin gadi don kawai a sa wani na wucin gadi a gurbinsa.

Sai dai kalmar kwantiragi kanta tana rage wa mutum nauyi a ma'aunin shari'a. A 2006, a shari'ar Umadevi ta jihar Karnataka, Kotun Ƙoli ta yanke cewa daɗewa a aikin wucin gadi ba ta mayar da shi na dindindin, in ban da sassauci guda da aka yi sau ɗaya ga waɗanda suka cancanta, suka kuma shekara 10 a gurbi halattacce. Ɗacin wannan ƙa'ida ya bayyana a jihar Uttar Pradesh a Yulin 2017, sa'ad da kotun ta tabbatar da soke mayar da malaman taimako da ake kira Shiksha Mitra, su fiye da 170,000, zuwa cikakkun malamai, don ba su cika sharaɗin jarrabawar cancantar malanta ba, suka koma karɓar alawus na Rupi 10,000 a wata. Mutanen Nijar, inda malaman kwantiragi suka daɗe suna ɗauke da mafi yawan azuzuwan firamare, ba sai an fassara musu wannan hali ba. Lauyoyin Nijeriya kuwa sun san kotunansu kan duba hukuncin Indiya domin ƙarin haske, tunda tushen shari'ar ɗaya ne, ko da yake bai zama wajibi a kansu ba.

A nan nake ganin fikihunmu ya fi zurfafa kallo. Malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta cika alkawari, kuma mafi yawansu sun tafi a kan cewa cikawa abin so ne a addini, ba abin hukunci ba ne a gaban alƙali. Amma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne, idan aka rataya alkawari ga wani sababi, wanda aka yi wa alkawarin kuma ya shiga ɗawainiya saboda shi, kamar a ce wa mutum ya rushe gidansa za a ranta masa abin da zai sake ginawa, ya kuwa rushe, to, cikawa ta zama wajibi, alƙali zai tilasta. Imam Al-Haɗɗabi ya keɓe littafi sukutum a kan mas'alolin lizimta wa kai. Shari'ar Indiya tana da makamanciyar wannan ƙa'ida, wadda aka ƙarfafa a shari'ar kamfanin sukari na Motilal Padampat a 1978, cewa gwamnati ma alkawarinta yana kama ta idan wani ya dogara da shi ya sauya halinsa. Amma a sha'anin ɗaukar aiki alƙalai sukan ja da baya, su ce maslahar jama'a ta rinjayi tsammanin mutum guda.

Ni ban yarda cewa maslahar jama'a kullum tana gefen hani ba, musamman a sha'anin makaranta. Tsarin mulkin Indiya, tun gyaran 2002, ya mayar da ilmin yaro daga shekara 6 zuwa 14 haƙƙi na asali, dokar 2009 da ta biyo baya kuwa ta ƙayyade kimanin malami guda ga yara 30 a firamare, sashinta na 26 kuma ya hana guraben malamai da ba a cike ba su wuce kashi 10 cikin ɗari a makaranta. Gwamnatin da ta hana ɗaukar malamai alhali azuzuwa ba kowa, ta saɓa wa wajibin da doka ta ɗora mata ne kafin ta saɓa wa mai neman aiki, kuma ya dace lauyan masu ƙara ya fara da wannan hujja, ya sa alƙaluman makarantun gundumar a gaban alƙali.

Ko da an yarda hanin na gaskiya ne, akwai hasarar da hukuncin 1991 bai ɗinke ba. Jerin zaɓaɓɓu galibi shekara guda yake rayuwa, aikin gwamnati kuma yana da iyakar shekarun haihuwa, don haka hanin wata 18 ya isa ya kashe jerin, ya kuma tsallakar da mutum iyakar shekaru, ya wayi gari ba shi da damar ko sake nema, alhali bai yi laifin kome ba. Abin da ya wajaba, kuma ba ya cin baitulmali ko kwabo, shi ne duk umarnin hani ya zo da sharaɗi a rubuce cewa an tsayar da lissafin wa'adin jerin da na shekarun waɗanda ke cikinsa har ranar da za a janye, kuma ranar da aka janye da su za a fara, bisa jerin cancantarsu. Kotuna sukan yi irin wannan sassauci jefi-jefi ga wanda ya iya ɗaukar lauya ya jure zirga-zirga, amma ɗan ƙauyen da ya ci bashi ya sayi fom ba ya cikin masu kaiwa can.