Ƙananan Manhajojin da ke Raba Intanet a Gidajen Yamai

Layin intanet guda ne ke shiga gida, amma masu buƙatarsa da yawa: wayar maigida, ta uwargida, kwamfutar 'yan makaranta, wani lokaci har da maƙwabta. Na'urar da ke raba shi ita ce rauta, ɗan akwatin nan mai eriya. Ita ma kwamfuta ce, kuma tana da tata babbar manhajar kamar yadda waya ke da Android, sai dai tata ba ta da nauyi ko kaɗan. Aikinta shi ne ta ba kowace waya adireshi, ta fitar da saƙonninsu duka ta ƙofa guda, ta mayar wa kowa amsarsa, ta kuma tare masu kutse daga waje.

A wajen ƙarshen shekarun 1990 aka samu ƙananan manhajoji irin su Coyote Linux da FREESCO, waɗanda faifan fulofi mai megabait 1.44 ke ɗaukewa, su mayar da tsohuwar kwamfuta mai raba layi. Babban sauyi ya zo a 2003, lokacin da kamfanin Linksys ya saki tushen manhajar rautarsa WRT54G, domin a kan Linux aka gina ta, lasisin Linux kuwa ya wajabta hakan. Daga nan OpenWrt ta fito a 2004, DD-WRT ta biyo baya a 2005, kowa na iya ɗaukarsu kyauta. RouterOS kuma mallakar kamfanin MikroTik ce na ƙasar Latbiya, tana zuwa a cikin na'urorinsa, kuma masu sayar da tikitin wifi a unguwanni sun fi sabawa da ita.

A Yamai yawancin gidaje na samun intanet ne ta Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom, sai Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2025. Kuɗin data ba wasa ba ne, shi ya sa adalci wurin rabo ya fi komai muhimmanci. Yaro ɗaya mai kallon bidiyo na iya cinye layin har kiran WhatsApp na sauran ya riƙa yankewa. Da OpenWrt ko RouterOS ana iya ƙayyade wa kowace waya rabonta, a fifita kiran murya, a ware wa baƙi layinsu daban, a kuma ga wanda ya fi shan data. Idan akwai layi biyu, ɗaya ya faɗi sai ɗayan ya karɓa.

Ga kuma batun wuta. Ƙaramar rauta wat kaɗan take ci, galibi a kan bolt 12 ko ƙasa da haka, don haka batir da ɗan farantin sola sun ishe ta idan wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ta ɗauke, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Tsohuwar kwamfutar tebur ba za ta yi wannan juriyar ba.

Kafin a sauya manhajar rauta, tilas a duba ko samfurin yana cikin jerin da OpenWrt ke tallafa wa, domin fayil ɗin da bai dace ba kan kashe na'urar. Masu ƙwaƙwalwar megabait 32 da ma'ajiyar megabait 4 sun yi wa sababbin fitowa kaɗan. Mai niyyar sayar wa jama'a layinsa kuma, sai ya fara tuntuɓar hukumar kula da sadarwa ta ARCEP kan sharuɗɗan izini.