Johnson & Johnson: Kamfanin da ya yi suna da tsafta, hodar jarirai ta kai shi kotu

A gidajen suna da dama, daga Kano zuwa Maraɗi, idan aka baje kayan barka ba a rasa farar robar hoda. Iyaye mata da yawa sun gaji amfani da ita daga nasu iyayen, kuma sunan da ke jiki kawai ya ishe su shaida. Sai dai kamfanin da ke bayan wannan suna, Johnson & Johnson na Amurka, yana da tarihi mai fuska biyu: ta ceton rai, da ta shari'o'in da har yau ba a gama ba.

Daga ɗakin tiyata aka fara

A tsakiyar ƙarni na 19, shiga ɗakin tiyata kasada ce. Likitoci kan yi aiki ba tare da wanke hannu ba, a ɗaure rauni da audugar da ba a tsaftace ba. Mutane da yawa kan tsira daga wuƙar likita, amma ruɓewar rauni ta kashe su.

A 1876, likitan Birtaniya Joseph Lister ya yi jawabi a birnin Philadelphia kan kashe ƙwayoyin cuta kafin tiyata da bayanta. Likitoci da dama sun yi watsi da batun, amma wani mai sana'ar magani, Robert Wood Johnson, ya riƙe shi.

Shekara goma bayan haka, a 1886, shi da ƙannensa James da Edward suka kafa kamfani a New Brunswick da ke jihar New Jersey. Da ma'aikata 14 suka fara, takwas daga cikinsu mata. Hajarsu ita ce auduga da bandeji da zaren ɗinkin rauni da aka tsaftace tun daga masana'anta. A 1888 suka buga ɗan littafi da ke koyar da kula da rauni, suka raba wa likitoci da masu sayar da magani. A shekarar ce kuma suka fito da akwatin taimakon gaggawa, domin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke jin rauni nesa da asibiti.

Yadda aka samu hoda da filasta

Hodar jarirai ta samo asali ne daga ƙorafi. An yi kukan cewa filastar kamfanin na sa fata ƙaiƙayi, sai shugaban sashen bincike, Fred Kilmer, ya ba da shawarar a riƙa haɗawa da garin talkum, wani dutse mai laushi da ake niƙawa. Iyaye suka gano yana rage gogewar fata a jikin jarirai, kuma a 1894 hodar ta shiga kasuwa.

Ita kuwa ƙaramar filastar Band-Aid, wani mai sayo wa kamfanin auduga, Earle Dickson, ya ƙirƙiro ta a 1920 saboda matarsa da ke yawan yankewa wajen girki.

A 1943, ɗan wanda ya kafa kamfanin, Robert Wood Johnson na biyu, ya rubuta takardar aƙida da ta jera waɗanda ke da haƙƙi a kan kamfanin. Marasa lafiya da likitoci da iyaye ne a gaba, sai ma'aikata, sai al'umma. Masu hannun jari su ne a ƙarshe.

Jarrabawar 1982

An gwada wannan aƙida a ƙarshen Satumban 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan Tylenol, maganin ciwon kai da zazzaɓi na kamfanin. Bincike ya nuna wani ne ya zuba gubar sayanaid a cikin kafso, ya mayar da kwalaben kan kanta. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba.

Duk da cewa ba daga masana'anta matsalar ta fito ba, shugaban kamfanin James Burke ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga faɗin Amurka, asarar da ta kai kimanin dala miliyan 100. Ya kuma fito ya ce wa jama'a su daina shan kafson. Bayan 'yan makonni maganin ya dawo da murfi mai hatimi uku, kuma cikin shekara guda kasuwarsa ta farfaɗo. Daga nan ne liƙe bakin kwalbar magani ya zama doka a Amurka, ya bazu a duniya.

Inda hodar ta zama rigima

Labarin hoda bai tafi haka ba. A ƙarƙashin ƙasa, talkum kan yi maƙwabtaka da asbestos, ma'adinin da aka tabbatar yana jawo kansa. Dubban mutane, akasari mata masu kansar ƙwan mahaifa, sun shigar da ƙara suna zargin hodar.

A Yulin 2018 wata kotu a jihar Missouri ta yanke wa mata 22 diyyar dala biliyan 4.69, daga baya aka rage zuwa kusan biliyan 2.1. A Disambar shekarar, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa binciken da ya ce takardun cikin gida sun nuna tun shekarun 1970 wasu gwaje-gwaje kan nuna ɓurɓushin asbestos, amma ba a sanar da hukuma ba. Kamfanin ya musanta, kuma har yanzu yana cewa hodarsa ba ta da asbestos, ba ta kuma jawo kansa. Ya ci wasu shari'o'in, ya faɗi wasu.

A 2019 ya janye robobi 33,000 bayan gwajin hukumar abinci da magunguna ta Amurka. A Mayun 2020 ya daina sayar da hodar talkum a Amurka da Kanada, yana cewa ciniki ne ya ja baya. Sauran duniya, har da Afirka, sai a 2023 aka sauya musu da ta sitacin masara. Wannan tazara ta shekara uku ta jawo suka daga ƙungiyoyin lafiya, waɗanda suka tambayi dalilin da zai sa abin da aka janye wa wata uwa a ci gaba da sayar wa wata. A 2024 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya talkum cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar.

Me ya rage ga mai saye?

A 2023 Johnson & Johnson ya ware sashen kayan masarufi ya zama kamfani mai zaman kansa, Kenvue. Hodar da Band-Aid da Tylenol duk can suka koma, shi kuma ya tsaya kan magunguna da kayan aikin asibiti. Ke nan sunan da uwa ke gani a jikin roba yana nan, amma mai shi ya sauya.

Kafin a saka hoda a kayan jariri, a juya bayan robar a duba ko talkum ce ko sitacin masara, a duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, domin tsohon kaya kan daɗe a kantuna. Likitocin yara ma na gargaɗin kada a barbaɗa kowace irin hoda kusa da fuskar jariri, saboda shaƙarta na iya cutar da huhunsa.