Zubi da Jigo a Finafinan Zane na Yara: Nazarin Jerin The Land Before Time

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1988 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da wani fim na zane mai suna The Land Before Time, wato ƙasar da ta riga zamani. Taurarinsa 'ya'yan dainoso ne guda biyar. Daga 1994 zuwa 2016 an yi masa mabiya har goma sha uku, abin nufi finafinan da suka ɗauki taurarinsa suka ci gaba da ba da labarinsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa akasarin mabiyan suka kasa kai darajar na farko, da kuma inda wasu daga cikinsu suka taɓuka abin a yaba. Za a auna su ta fuskar zubi da jigo da waƙa da zane. Batun ya shafi duk mai nazarin adabin yara, domin a ƙarƙashinsa akwai tambayar ko ya dace a nuna wa yaro tsoro da rashi a cikin labari, ko kuwa a kauce musu.

Dainoso suna ne na wasu dabbobi da suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Baturen Ingila Richard Owen ne ya ƙirƙiro kalmar a 1842 daga harshen Girka, ma'anarta kuwa ƙadangare mai ban tsoro. An haƙo ƙasusuwan irinsu a jihar Agadas ta Nijar, har aka raɗa wa ɗaya suna Nigersaurus a 1999.

2.0 Fim na Farko

Don Bluth ne ya ba da umurnin fim ɗin. Tsohon ma'aikacin Disney ne da ya bar kamfanin a 1979, kuma an zana fim ɗin a ma'aikatarsa da ke birnin Dublin na ƙasar Ailan. Steven Spielberg da George Lucas suna cikin waɗanda suka tsaya wa aikin, James Horner kuma ya tsara kiɗansa. Tsawonsa minti 69 ne kawai. Ɗaya daga cikin dalilan gajartarsa shi ne an yanke wajen minti goma saboda ana ganin zai firgita ƙananan yara fiye da kima.

Ga taƙaitaccen labarin. Fari ya afka wa ƙasa, ganye ya ƙare, sai garkunan dabbobi suka kama hanyar wani wuri mai ni'ima da ake kira Babban Kwari. Tauraron labarin, Littlefoot, ɗan Masu Dogon Wuya ne. Mai Kaifin Haƙori, dabbar da ke cin nama, ya kai masa farmaki, uwarsa ta tare masa faɗa ta sami mugun rauni. Girgizar ƙasa ta raba garkuna, uwar ta rasu a gabansa bayan ta tuna masa kwatancen hanya. Daga nan ya haɗu da wasu yara huɗu da suka rabu da iyayensu, wato Cera da Ducky da Petrie da Spike, kowane daga jinsi dabam. Bayan yunwa da saɓani da rabuwa, suka haɗa ƙarfi suka halaka Mai Kaifin Haƙori a cikin ruwa mai zurfi, sannan suka isa kwarin.

Jigogi biyu ne suka ɗauki labarin. Na farko maraici. Fim ɗin bai gaggauta wuce mutuwar uwar ba. An nuna yaron ya ƙi cin abinci, an nuna ya hango inuwar kansa a jikin dutse ya sheƙa da gudu yana zaton uwarsa ce. Na biyu wariyar jinsi, domin uban Cera ya koya mata cewa Masu Ƙaho Uku ba su wasa da Masu Dogon Wuya, kuma wahalar hanya ce ta warware wannan tarbiyya.

3.0 Yadda Mabiyan Suka Samu

Na biyu a jerin, The Great Valley Adventure, ya fito a ƙarshen 1994. Ba a kai shi gidajen silima ba, kai tsaye aka sayar da shi a kaset ɗin bidiyo. A wannan shekarar ce Disney ya fitar da The Return of Jafar ta wannan hanya, aka gane cewa iyaye za su sayi kaset in dai yaransu sun san taurarin da ke bangonsa. Babu hannun Bluth ko Spielberg ko Lucas a ko ɗaya daga cikin mabiyan. Daga 1994 zuwa 1998 kowace shekara sai an fitar da guda, aka ci gaba daga 2000 har zuwa na goma sha uku a 2007, shekarar da aka yi wa jerin shirin talabijin mai kashi 26. Na goma sha huɗu ya fito a 2016.

Wannan yanayi na kasuwa shi ne tushen yawancin sauye-sauyen da za a tattauna. Fim ɗin silima iyaye da yara suke zuwa kallo tare a cikin duhu, dole ya riƙe babba kamar yadda ya riƙe yaro. Kaset kuwa a ɗaki ake sa wa yaro ɗan shekara uku ko huɗu, sau da yawa shi kaɗai, kuma zai maimaita shi ba adadi. Abin da mai saye yake bukata shi ne kada yaron ya yi kuka ko ya yi mugun mafarki.

4.0 Zubi

Labarin farko labarin tafiya ne mai mafari da ƙarshe. Akwai rashi, akwai wurin da ake nema, kuma da an isa labari ya ƙare. Matsalar mai rubuta mabiyi ita ce taurarinsa sun riga sun sami abin da suke nema. Dabarar da aka yi ta maimaitawa ita ce a kawo wata matsala cikin kwarin, manya su tsaya gardama, yara su sulale zuwa wajen kwari, wata dabba mai cin nama ta biyo su, su tsira, su komo gida da darasi. A na uku (1995) duwatsu ne suka faɗo daga sama suka toshe ruwa. A na biyar (1997) fara ce ta cinye ganye. A na takwas (2001) dusar ƙanƙara ce ta sauka.

Mai nazarin tatsuniyoyin Hausa zai gane bambancin nan da sauƙi. Tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa takan ƙare da auren ɗan sarki, ba a kuma jin wani abu game da ita, domin halin da take ciki ya sauya baki ɗaya. Tatsuniyoyin Gizo kuwa ba su da iyaka, saboda Gizo bai taɓa sauyawa. Ya sha dukan tsiya yau, gobe da dare ya komo da kwaɗayinsa. Mabiyan sun ɗauki taurarin zubi na farko suka jefa su cikin zubi na biyu. Amma abin da ke riƙe tatsuniyoyin Gizo shi ne wayonsa da rashin kunyarsa, mai sauraro bai san irin ƙetar da zai ƙulla ba. Littlefoot yaron kirki ne, ba ya girma, ba ya lalacewa, don haka maimaicin bai da abin mamakin da zai ɗauke shi. Cera ma, wadda ta saki girman kanta a ƙarshen fim na farko, sai a mayar mata da shi a farkon mabiyi domin a sake raba ta da shi.

5.0 Jigo

A fim na farko mai kallo ne yake tsamo darasi daga abin da ya faru. A yawancin mabiyan kuwa darasin ake fara zaɓa, sannan a ɗinka masa labari: raba abu da juna a na uku, illar ƙarya a na goma sha ɗaya (2005). Haɗari ma ya zama na wasa. A na huɗu (1996) kakan Littlefoot ya kwanta ciwon da zai iya kashe shi, amma akwai wata fure da ke warkar da shi, yara suka samo ta, ya miƙe. An taɓo mutuwa, aka janye hannu. Yaron da ya kalli uku ko huɗu daga cikin jerin ya riga ya san babu wanda zai rasa ransa, kuma daga nan gudun da taurari ke yi ya daina sa gabansa faɗuwa.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Mabiyan da suka fi nagarta su ne waɗanda suka koma kan tambayoyin da fim na farko ya bari. A na biyu yaran sun ɗauko wani ƙwai bisa kuskure, ya ƙyanƙyashe sai ga ɗan Mai Kaifin Haƙori, suka sa masa suna Chomper. Littlefoot, wanda irin wannan dabba ce ta kashe masa uwa, shi ne ya reni jaririn, daga baya ya sallama shi ga iyayensa. A na biyar sun sake haɗuwa a wani tsibiri, Chomper yana ɓoye abokansa kada iyayensa su cinye su. A nan jigon wariya ya ƙara zurfi, domin bambancin da ke tsakaninsu na gaskiya ne: ɗaya abincin ɗaya ne. Fim ɗin bai yi da'awar cewa abota ta kawar da wannan ba, a ƙarshe kowa ya koma cikin nasa.

Na bakwai (2000) ya kawo Pterano, kawun Petrie, mai daɗin baki wanda ya taɓa jan wani ɓangare na garke zuwa halaka ya tsere ya bar su. Yaron yana ƙaunarsa, manya suna ƙyamarsa, kuma ko da ya ceci Ducky a ƙarshe sai da aka kore shi daga kwarin na tsawon hunturu biyar. Wannan darasi ne mai nauyi, cewa ɗan'uwan da ake so yana iya zama mai laifi, kuma tuba ba ta shafe hukunci. Na goma (2003) ya haɗa Littlefoot da ubansa Bron, wanda ya tafi neman sabon mazauni tun kafin a ƙyanƙyashe shi. Yaron ya fara da fushi, daga baya aka ba shi zaɓi tsakanin bin uban da zama da kakannin da suka rene shi, ya zaɓi kakannin. A waɗannan finafinai akwai abin da tauraro yake rasawa ko da labari ya ƙare lafiya. Na goma sha uku, wanda aka gina kan wautar wasu baƙin dabbobi masu rawayan ciki, ba shi da komai irin wannan, kuma shi ne mafi rauni a jerin.

6.0 Waƙa da Zane

Taurarin fim na farko ba su rera waƙa. Kiɗan Horner ne ke tafe da labari, sai waƙa guda da Diana Ross ta rera bayan an gama. Mabiyan kuwa kowanne yana ɗauke da waƙoƙi kamar uku da taurari ke rerawa da bakinsu. Waƙa a cikin labarin yara ba aibi ba ce. A tatsuniya waƙa takan yi aiki, ita ce ke tona asiri ko ta kira dodo ko ta buɗe ƙofa, in aka cire ta labari ya tsinke. Yawancin waƙoƙin mabiyan tsayar da labari suke yi su faɗi darasin da aka riga aka nuna, ana iya cire su ba tare da an rasa komai ba. Amfaninsu shi ne ƙaramin yaro yana haddace su, su kuma ja shi ya sake neman kaset ɗin.

Ta fuskar zane, Bluth ya yi amfani da launuka masu duhu, jan sama da toka da ƙasa busasshiya, ta yadda koren kwarin ya zama lada ga idon mai kallo a ƙarshe. Mabiyan an kai aikin zanensu ma'aikatu masu rahusa a Koriya ta Kudu da Taiwan. Launi ya yi haske daga farko har ƙarshe, inuwa ta ragu, motsin jiki ya taƙaita. Kore ya cika ko'ina, saboda haka ya daina nufin komai.

Akwai kuskure guda da na farko da mabiyan suka yi tarayya a kansa, wanda ya kamata malami ya sani. Jinsin Littlefoot da na Spike sun rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, jinsin Cera da na Mai Kaifin Haƙori kuwa a ƙarshen zamanin dainoso. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai shekara miliyan 80, ba su taɓa haɗuwa ba. Finafinan adabi ne, bai kamata a ɗauke su littafin kimiyya ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa raunin mabiyan ya samo asali ne daga sauyin kasuwa da na masu kallo, wanda ya haifar da zubi mai maimaici da jigo mai fitowa fili da haɗarin da ba ya cutarwa. An kuma ga cewa na biyu da na biyar da na bakwai da na goma sun ɗaga sama da sauran, domin sun bar tauraro ya yi zaɓi mai zafi. Yaro ɗan shekara uku yana jin daɗin maimaici, kuma mabiyan sun biya masa wannan bukata. Amma ɗan shekara bakwai ko takwas ya isa a ba shi labarin da uwa ke mutuwa a cikinsa ba ta dawo ba, in dai akwai babba kusa da zai amsa tambayarsa. Masu ba da tatsuniya ba su ɓoye wa yara maraici da dodo ba, sai dai sukan faɗa musu a tsakar gida, a kusa da kaka. Mai rubuta wa yara labari da mai zaɓa musu abin kallo, dukansu suna da abin lura a wannan jeri.