Littafin Kalmomi da Tukunyar Miya

Duk wanda ya shiga kasuwar Dole a Zinder cikin watan Oktoba, lokacin komawa lakwal, ya san layin masu littattafai. Ga kaye, ga ardwaz, ga alli da bik, sannan ga waɗansu 'yan littattafai masu hotuna da babu labari a cikinsu, kalmomi ne zube. Ga kalma, ga hoto, ja layi ka haɗa su. Ga jimla mai giɓi, cike giɓin. Mutumin Dakusa da ya kawo wake ya sayar sai ya tsaya yana juya ɗaya a hannu, yana lissafi: in ba da jikata a kan wannan, ko in ƙara tiyar gero?

Tambayar ta fi shafar gidajen da karatun yaro ya koma tsakar gida, kuma suna da yawa a ƙauyukan Dakusa. Akwai yarinyar da lakwal ya yi wa nisa, akwai yaron da ajinsu na zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an sami kara, akwai wanda ke kiwo da rana, da dare yayansa ɗan kwaleji ya haska masa kaye da tocila. A Amurka wasu iyaye da gangan suke riƙe 'ya'yansu a gida su koyar da su, har ana buga musu irin waɗannan littattafai aji-aji. Mu nan larura ce ta kawo mu, amma abin da ake son sani ɗaya ne.

Ni a ganina littafin kalmomi dunƙule ne, wannan ɗan abin da ake ɓarewa a jefa a miya. Yana da amfani, kuma an yi shi da wayo: ɗanɗano mai yawa an matse shi a ɗan wuri. Amma wace uwa ce yaro zai ce mata yana jin yunwa ta miƙa masa dunƙule ta ce ci? Ko ya tauna, bakinsa ne zai yi gishiri, cikinsa yana nan yadda yake. Sai an ɗora tukunya, an zuba ruwa, an kaɗa kuka, ga tuwo a gefe, sannan dunƙule ke da aikin yi.

Ka duba yadda abin ke faruwa a kan tabarma. Yaro ya buɗe shafi, kalmomi goma a hagu, hotuna goma a dama. Ya ja layi bakwai da ya sani, ya cinci biyu, na ƙarshe kuma ba sai ya yi tunani ba, shi kaɗai ya rage. Yayansa ya duba ya ce, "Madalla, ka ci duka." Washegari ka rufe littafin ka ce, "Ɗana, gaya mini magana ɗaya da wannan kalma." Sai ya sa bik a baki yana kallon ƙasa. Yaron ba dakiki ba ne, dunƙule aka ba shi ya lasa, ba a dafa masa komai ba.

Waɗansu masana na Jami'ar Illinois a Amurka, William Nagy da Richard Anderson, sun yi lissafin wannan a shekarun 1980. Sun ƙiyasta cewa ɗan makaranta yana ƙara kalmomi wajen dubu uku a shekara, alhali waɗanda ake tsayawa a koya masa ɗaya-ɗaya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. To sauran daga ina? Daga hira, daga sauraro, daga karatun labari. Ko ba Nagy mun san haka. Yarinyar Dakusa 'yar shekara bakwai ta san sussuka, ta san shiƙa, ta san surfe, ba za ta kira dusa ƙaiƙayi ba. Ba wanda ya ja mata layi daga kalma zuwa hoto. Tana gindin turmi ana yi ana faɗa, kakarta na tatsuniya da dare tana kasa kunne. Tukunyar Hausa a gidajenmu kullum tana kan wuta, shi ya sa ban ga dalilin sayen littafin kalmomin Hausa ga ƙaramin yaro ba. A saya masa abin karantawa.

Faransanci kuwa wata magana ce. A yawancin gidajenmu murhunsa a kashe yake. Inna ba ta ji, Baba ba ya ji, a kasuwar ƙauye ba a ciniki da shi. Yaro ba zai tsinci kalmarsa a gindin turmi ba, sai an kawo masa. Nan ne littafin ke da rana, domin ya tara kalmomin da ake bukata, ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya hutar da yayan da ba malamin lakwal ba ne, bai san ta inda zai fara ba. Gaskiya ne tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Zinder, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasar Nijar. Abin farin ciki ne. Amma Faransanci na nan cikin harsunan aiki, kuma yaro zai iske shi a takardar jarrabawa.

Sai dai dunƙule a ruwan sanyi ba ya narkewa. Dole a hura wuta. Kalmar da aka koya yau a faɗe ta cikin jimla, a fassara ta da Hausa, a aiki yaro da ita ya ɗauko buta, a sake tambayarsa jibi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, harshen da ya sani shi zai jawo masa wanda bai sani ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da gane wannan. Almajiri na karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ja 'yar gaɓa da Larabci, malam ya mayar masa da Hausa, ya ƙara ja, malam ya ƙara mayarwa. Kalma tana zuwa cikin maganarta, ga ta yau a babin alwala, gobe ga ta a babin salla, har ta zauna. Haka Damagaram da Katsina da Kano suka yi ta fitar da masu jin Larabci, a ƙasar da ba a cinikin goro da Larabci.

Kuma ba a juye kwali guda a tukunya ɗaya. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa abin da aka haddace a zama ɗaya yawancinsa yana zubewa cikin 'yan kwanaki, wanda aka riƙa waiwaya lokaci-lokaci shi ke tsayawa. Uban da ke tilasta wa yaro shafi biyar ranar Lahadi don kuɗinsa su fita, miya ce yake ɓatawa. Kalma biyar a rana, ana dawowa kansu, ta fi.

A duba kuma wa aka dafa wa. Wani littafin an buga shi ne don yaran Faransa, shafin farko dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa, yaron Dakusa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Zai san su, ya kamata ma ya san su, amma a fara masa da akuya da rijiya da gona.

Saboda haka, iyaye, in kuɗin littafi ɗaya gare ku, ku sayi na labari, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ce, a riƙa karantawa a fili kowa na ji. In akwai na biyu, ku nemi ƙamus na Hausa da Faransanci, irin wanda Abdou Mijinguini ya wallafa, zai yi wa gida duka aiki shekara da shekaru. Littafin kalmomi ya zo na uku, guda ɗaya ya ishi gida, a bar shafinsa fari yara su yi amsa a ardwaz don ƙanne su gada. Kafin ku biya kuwa, ku tabbatar akwai wanda zai zauna da yaron kowane dare ya yi magana da shi.