Jiragen Sama na Afirka ta Yamma

A shekarar 1946 ƙasashe huɗu suka haɗa kai, suka kafa kamfanin jiragen sama mai suna WAAC. Su ne Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Jiragensa sun yi ta ɗaukar mutane da wasiƙu tsakanin Ikko da Kano, har kamfanin ya watse a 1958.

Amma a 1955 fiffiken wani jirginsa ya karye a sama, a yankin Kalaba. Mutum 13 suka rasu.

To, jama'a, ku lura. Ƙarfe ma yana gajiya, yana tsagewa. Shi ya sa makanikai ke duba jirgi kafin ya tashi. Rigakafi ya fi magani.