Sayayya ta salula: kayan da iyaye ke samu da rahusa, da waɗanda ke cinye kuɗi a banza

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, rabin kasuwa ya koma cikin salula. Hotunan fanka, kayan jarirai da fitilu na yawo a sitatu na WhatsApp, a Facebook da TikTok, kowanne da farashinsa da lambar mai kaya. Iyaye matasa na cikin manyan masu saye, haka ma ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Turai, waɗanda ke son ganin abin da aka saya da kuɗin da suka turo.

Dalilin neman rahusa a fili yake. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon shekarar 2024, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna mace ɗaya na haihuwar ƴaƴa shida ko fiye. A gidan da baki ya yi yawa haka, jika biyar da ta tafi a kan kayan banza buhun gawayi ne ko kuɗin magani. Sai dai farashin da ke jikin hoto ba shi ne farashin da kaya ke iso gida da shi ba, kuma nan ne da yawa ke faɗawa.

Ta ina kayan ke biyowa?

Amazon da Jumia ba su da reshe a Nijar, kuma sayayya kai tsaye a AliExpress ko Alibaba na buƙatar katin banki, abin da yawancin gidaje ba su da shi. Shi ya sa harkar ta tsaya a kan hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ɗan kasuwar cikin gari wanda kayansa ke shago ko a ɗaki, ya aiko da ɗan kabu-kabu, a duba, a biya. Ta biyu ita ce ta Najeriya: atamfa da kayan yara daga Kantin Kwari, salula da kayan caji daga kasuwar Farm Centre a Kano, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ta Matamaye ko Magarya zuwa Damagaram, ko ta Illela zuwa Ƙonni. Ta uku ita ce ta masu tara oda daga Guwanzu da Yiwu a ƙasar Sin. Su ne ke biya da katinsu, su haɗa kayan mutane, su caji kowa kuɗin dako: a jirgin sama bisa kilo, a jirgin ruwa bisa girman kwali.

Hanyar ruwa ta ƙara nisa tun bayan rufe iyakoki a 2023. An buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris na 2024, amma kayan da a da ke sauka Kwatano su ratso ta Gaya, da yawansu sun koma tashar Lome, su bi ta Burkina Faso. Mai jiran kayan suna da ya yi oda ta ruwa ya lissafa watanni.

A cikin ƙasa kuwa, motocin Rimbo, STM, Sonef da sauransu ke kai saƙo gari zuwa gari, kuɗi kuma ya bi ta Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash.

Lissafin da ake mantawa

A ɗauki misali. A ce fanka ta fito a jika 12 a shafin mai kaya a Sin, nauyinta kilo uku da kwalinta, mai dako kuma ya ce jika shida kowane kilo. Dako kaɗai ya zama jika 18. A ƙara ladan mai oda, kuɗin duwan idan ba a haɗa shi ciki ba, kuɗin turawa da na ɗan kabu-kabu daga tasha. Fankar jika 12 ta haura jika 30, ba kuma wanda za a mayar wa idan ta iso a fashe.

Daga nan iyayen da suka goge suka fitar da ƙa'ida: abu mara nauyi mai daraja a sa shi cikin oda, abu mai nauyi ko cika wuri a saye shi a gari. Bokiti, baho, tukwane, katifa da kujerar roba sun fi sauƙi a Kasuwar Dole, a Katako ko a babbar kasuwar Maraɗi, inda ake taɓawa a yi ciniki. Kayan da aka sa wa farashi da naira kuma a tambayi canjin ranar kafin a amsa, domin naira na hawa da sauka, sefa kuwa na ɗaure da yuro.

Kayan gida: zafi da ɗauke wuta ke zaɓe

Abin da ya fi tafiya a gidaje masu ƙananan yara shi ne fanka mai caji. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma tun da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023, lokacin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga can, iyaye suka daina dogara ga kamfanin Nigelec kaɗai. Tambayoyi biyu ke raba fanka ta gari da ta ado: ana iya canza batirinta idan ya mutu, kuma tana karɓar caji daga farantin hasken rana? Batiri shi ke fara mutuwa. Fankar da ba a buɗe ta ranar da ya mutu ta zama shara.

Bayanta sai fitila mai cajin rana, wadda ke raba ɗakin yara da kyandir, kuma ta ba ɗan makaranta damar bita da dare. Sai falas mai riƙe ruwan zafi har asuba, wanda mai jego ta san amfaninsa, da ƙaramin injin markaɗe don kunun yaye da kayan miya.

Akwai tarko biyu na wuta. Kayan Najeriya kan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, alhali soket ɗin gidajen Nijar mai rami zagaye ne irin na Faransa, don haka a nemi mahaɗi mai kyau maimakon a danna da ƙarfi. Na biyun ya shafi masu aiko da tsaraba daga Amurka: lantarkin can bolt 120 ne, na Nijar 220. Injin markaɗe ko dutsen guga da aka yi don Amurka zai ƙone a jonawar farko. Cajar salula da ta kwamfuta yawanci na ɗaukar duka biyun, kuma an rubuta hakan a jikinta.

Kayan jariri: masu amfani da masu haɗari

Ƙaramin ma'aunin zafin jiki mai batiri na cikin mafi arha kuma mafi amfani. Bayan hannu a goshi ba ya faɗin lamba. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan ma'auni ya nuna digiri 38, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Tufafin auduga ma na zuwa da sauƙi, amma a lura da lamba. Ƴan kasuwar Sin na auna kayan jarirai da tsawon jiki a santimita: 59, 66, 73, 80. Lamba 59 ta sabon haihuwa ce, kuma cikin makonni kaɗan take matse shi. Da kayan za su yi wata biyu a hanya, gara a ɗauki 66 ko 73.

Gidan sauro mai naɗewa na da amfani ga barcin rana a tsakar gida, musamman da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta. Amma galibi ba a sa masa magani ba, don haka ba ya maye gurbin wanda ake ba mata kyauta a wajen awon ciki.

Kush mai wankuwa kuwa lissafi ne. Jaririn da ke amfani da shida a rana na cinye 180 a wata idan na yarwa ne. Mai wankuwa ana sayensa sau ɗaya, har ƙane ya gada. Sai dai yana cin ruwa da sabulu, kuma a unguwannin Damagaram da ake sayen ruwa a jarka daga ƴan garuwa, ribar na raguwa. Wasu iyaye na haɗawa: mai wankuwa a gida, na yarwa don dare da tafiya.

Abin da bai kamata ya fito daga hoton salula ba shi ne duk abin da zai shiga cikin yaro ko ya hau fatarsa: magani, madarar gwangwani, man shafawa mara suna, balle masu alƙawarin hasken fata. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari mai guba. Wancan maganin ta hanyar shigo da kaya ta hukuma ya bi, ina ga wanda ba a san inda aka ajiye shi ba? Magani a kantin magani mai izini ake sayensa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na ba da shawarar nonon uwa zalla har wata shida.

Keken koyon tafiya, wanda ke farin jini a kayan suna, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda faɗuwa da ƙuna. Kayan wasa masu ƙaramin batiri kamar maɓalli su ma a duba murfinsu ko da kusa aka ɗaure shi, domin haɗiye irin wannan batiri na ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Salula da ƴan rakiyarta

A ɓangaren fasaha, batirin ajiyar caji ne kan gaba. Wanda aka rubuta wa 10,000 mAh ba ya ba salula duka adadin. Kusan kashi biyu cikin uku ke isa gare ta, wato caji ɗaya da ɗoriya ga yawancin Tecno, Itel da Infinix. Wanda ya zo da lamba mai ban tsoro, ga shi ƙarami mara nauyi, ƙarya ce aka buga a kwali. Haka katin memori mai arha fiye da kima: yana nuna babban wuri, amma da ya cika ɗan abin da ke cikinsa na gaskiya sai hotunan suna da na biki su fara lalacewa. Caja mara suna kuma takan kashe batiri, wani lokaci ta tada gobara idan aka bar ta a kan katifa.

Ƙaramar rediyo mai ɗaukar memori, da ake zuba wa karatun Alƙur'ani da darussa, ta fi allon wasa na yara daɗewa kuma ba ta cin kuɗin intanet. Ga ƴan ƙasa da shekara biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar kallon allo ba. Daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Kada kuɗi su riga kaya

Damfarar da ta fi yawa salo ɗaya gare ta: hoto mai kyau, farashi ƙasa da na kowa, a nemi kafin alƙalami, sannan lamba ta daina shiga. Kariyar ita ce biya bayan karɓa idan mai kaya na gari ɗaya, neman bidiyon kayan a hannunsa maimakon hoton kamfani, da ɓoye lambar sirrin cirar kuɗi har sai kaya sun iso. A ajiye hirar da rasit ɗin turawa, domin da su sashen ƴan sanda mai yaƙi da laifukan intanet ke aiki idan an kai ƙara.

Ga ɗan ci-rani, hanya mafi aminci ita ce ya zaɓi ɗan kasuwa mai shago a garin iyalinsa, a aiki ƙane ya kunna fankar a gabansa ta kiran bidiyo, sannan a tura kuɗin. Mata a unguwa kuma kan haɗa oda ɗaya kamar yadda suke adashe, su raba kuɗin dako, su samu farashin sari. Ko da shagon cikin gari ya ɗara da jika biyu, yana da ƙofar da za a koma a ƙwanƙwasa idan batiri ya mutu a mako na biyu. Masu iya magana sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.