In Gilashin Mota Ya Ƙi Hawa

Duk wanda ruwa ya taɓa ritsawa da shi a hanyar Owendo, ya danna maɓalli gilashi ya ƙi hawa, ya san abin ba wasa ba ne. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu, ga kuma iskar teku mai gishiri. Yawancinmu kuwa tsofaffin motoci muke hawa. Da zarar mun je gareji sai a ce injin gilashin ne ya mutu, a kawo kuɗin sabo. Sau da yawa lafiyarsa lau.

To, kafin mu buɗe aljihu, mu kunna makulli mu saurara. In gilasai huɗun duk sun yi shiru, a fara duba fiyus, wanda makanikan nan ke kira "fusible". In na direba kaɗai ke aiki, wataƙila yaro ne ya taɓa maɓallin kulle da ke hannun direba. Mun ga dattijon da ya yi sati yana fama da wannan.

In guda ne ya tsaya, mu kunna fitilar cikin mota sannan mu danna. Idan hasken ya ɗan dushe, wuta tana isa, injin ne ko gilashin ya cije. A saki maɓallin, kada injin ya ƙone. In hasken bai motsa ba, laifin na maɓalli ne da ya yi tsatsa, ko na wayoyin da ke bi ta cikin robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota. Buɗewa da rufewa na shekaru kan karya su a ciki, alhali robar tana nan kamar sabuwa. In kuwa ana jin ƙara amma gilashi bai tashi ba, igiyar ƙarfen da ke ɗaga shi ce ta tsinke.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ɗaura waya ko takardar kwalin taba a gurbin fiyus. Haka ake ƙona mota.

In an kwance ƙofa kuma, mu tsaya a kai sai an mayar da ledar da ke bayan murfin, domin ita ke tare ruwa daga maɓallan. A kuma zungure ƙananan ramukan ƙasan ƙofar, waɗanda laka kan toshe, ruwa ya riƙa fita.